Inda Ɗaurina Ya Kwana, da Abin da Waya Ke Ci Mini

Assalamu alaikum 'yan uwana masu koyon ɗaurin rini. An kwana biyu ban kawo muku labarin inda aiki ya kwana ba, har wasunku sun fara tambaya ko na ajiye zare ne. Ban ajiye ba. Alhamdu lillahi hannu ya fara faɗawa, musamman a ƙananan da'irori, waɗanda a da idan na kwance sai in tarar shuɗi ya kutsa har tsakiya ya cinye farin. Yanzu farin yana fitowa tas, gefensa da kaifi.

Abin da ya kawo wannan canjin ba wani sirri ba ne. Gwaggon da nake koyo a wurinta a cikin gari, wadda ta yi shekaru tana yi wa marina ɗauri daga cikin gidanta, ita ta sa na daina ƙirga yawan zagayen zare na koma kula da ƙarfin ja. Zagaye kaɗan da aka ja tamau ya fi zagaye da yawa mai sako-sako. Takan karɓi abin da na ɗaure ta matsa da babban yatsa, in ya motsa ta miƙo mini ba tare da ta ce komai ba, ni kuma na san ma'anar haka. Ga masu kuka da ciwon yatsa: ku naɗa ɗan tsumma a yatsan da zare ke bi, kuma in zaren buhu kuke amfani da shi ku ɗan jiƙa shi, ya fi kama yadi. Wake ko 'yar tsakuwa da za ku sa a tsakiyar ɗaurin, ku tsince masu girma ɗaya tun kafin ku zauna, in ba haka ba da'irorin za su fito wata ta fi wata.

Sai maganar yadi, wadda nake ganin a nan yawancinmu muke asara. Baba, wato ganyen da ake rinin shuɗi na gargajiya da shi, auduga yake so. In yadi yana da roba a cikinsa, ko kwana zai yi a ramin rini ba zai sha yadda ya kamata ba, zai fito dishi-dishi kamar an wanke shi shekara guda. In kun shiga Kantin Kwari kuka ga farin yadi mai ƙyalli da araha, ku roƙi a yanko muku ɗan ƙyalle, ku zo gida ku kusantar da ashana. Auduga tana ci da wuta kamar takarda ta bar toka mai laushi, roba kuwa narkewa take yi ta dunƙule ta yi tauri. In kun samu audugar, ku wanke ta sosai kafin ɗauri, domin sitacin da masana'anta ke sa wa sabon yadi yana hana rini shiga.

Ni dai har yanzu marinar Ƙofar Mata da ke Kano nake kai abin da na ɗaure. Allon da ke bakin marinar yana ɗauke da shekarar 1498, wato ƙarshen zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Wanda bai taɓa tsayawa a bakin karofi, wato wurin ramukan rini, ba ya daure ya je. Baba da toka da kanwa ake haɗawa da ruwa a rami, a bar su su yi makonni suna ruɓa kafin ramin ya nuna. Idan marini ya tsoma yadi ya ɗago, ba shuɗi yake fitowa ba, kore-kore ne, sai iska ta buge shi sannan ya juya a gaban idonka. Shi ya sa ake tsomawa a ɗago, a tsoma a ɗago, kowane zagaye yana ƙara duhu. Mai son shuɗi mai haske ba zai daɗe ba, mai son baƙi-ƙirin irin na turkuɗin da Kura ta yi suna da shi, wanda Buzaye ke naɗawa, sai ya ba marini sa'o'i. Daga nan a shanya, a kwance ɗauri, a wanke, in ana so a kai mabuga a buge shi har ya yi santsi. Babu mataki ɗaya a cikin waɗannan da za a ce masa yi maza.

To a nan ne ni da waya muka fara samun saɓani.

Da farko ina sa hoton aikina a sitatus na WhatsApp ne kawai don 'yan uwa da ƙawaye su gani. Daga nan aka fara cewa a yi mini irin wannan, sai na buɗe shafi a Instagram, na ɗan leƙa TikTok. Ba zan yi butulci ba, ta nan na samu masu saye daga Abuja da Kaduna da Legas, mutanen da ko a mafarki ba za su san lungun gidanmu ba. Bidiyon kwance ɗauri shi ya fi komai jan mutane, lokacin da ake yanke zare farin zane yana bayyana. Amma kwancewa ita ce mafi gajarta a duk aikin. Mai kallo ya ga daƙiƙa talatin, sai ya ɗauka cewa abin da ya gani shi ne aikin. Shi ne za ka ga saƙo da daddare: Hajiya ina son guda shida, biki ranar Asabar. Ranar Laraba ake wannan magana.

Wasu daga cikinku za su ce ai ga galura, rinin zamani da ake haɗawa da soda a roba a tsakar gida, cikin yini guda an gama, kuma ga ja ga ɗorawa ga kowane launi. Gaskiya ne, kuma ban raina mai yin sa ba, da shi mutane da yawa suke ci da iyalansu. Ba yau ma aka fara wannan gasar ba, tun 1897 kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da shuni na masana'anta, daga nan kasuwar baba ta fara ja da baya a duniya. In za ku yi na zamani, don Allah ku sa safar hannu mai kauri da takunkumi, ku yi a fili inda iska ke wucewa, ku nisanta yara, kuma tukunya ko robar da ta taɓa soda kada ta sake komawa madafa. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a rina da galura a ɗora hoto a rubuta cewa na Ƙofar Mata ne. Ana yi, kuma mai saye daga nesa ba shi da hanyar ganewa sai kaya sun iso. Ga kuma wanda ake bugowa da inji daga Sin, mai zanen da ya yi kama da ɗauri, ana sayar da shi da kuɗin da ko farin yadin ba zai saya mini ba. Da wannan ake auna farashina a akwatin saƙo. Na daina jayayya, sai in ce wa mutum ya juya bayan yadin ya duba: ɗaurin hannu ciki da waje duk ɗaya ne, kuma ba za ka samu da'ira biyu da suka yi daidai ɗari bisa ɗari ba.

Hoto ma wani aiki ne mai zaman kansa. Kyamarar waya ba ta da amana a kan shuɗi. A rana tsaka tana mayar da shi fari-fari, a ƙarƙashin ƙwan lantarki ya koma kamar baƙi ko ruwan hoda mai duhu. Abin da na tsaya a kai shi ne inuwa da hantsi, a shimfiɗa yadin kusa da farar takarda don ido ya samu ma'auni, kuma ba na taɓa launin da kowace manhaja. Ina kuma gaya wa mai saye tun kafin ya biya cewa rinin baba yana ɗan zuba a wankin farko, a wanke shi shi kaɗai da ruwan sanyi, a shanya a inuwa. Faɗar wannan ta kore mini wasu, amma ta raba ni da kiran waya na faɗa.

Akwai abin da na yanke tun farko kuma ban canza ba: hannuwana kawai ake gani. Ba fuskata, ba yarana, ba cikin ɗakina. Wata ƙawata da ta fi ni sanin harkar ta ce mutane sun fi saye a wurin wadda suka san fuskarta da labarin gidanta, kuma na yarda haka ne. Sai dai yaran nan ba su zaɓi sana'ar ba, ban ga dalilin da za su zama talla ba. Abin da ya hau intanet kuma ba ya saukowa, ko sitatus da ake cewa yana ɓacewa bayan awa 24, wanda ya so ya ɗauke hotonsa tuni. Har zane ma yanzu ba na nuna yadda na naɗe yadi kafin ɗauri in sabo ne, sai na sayar da zubin farko. A tsakaninmu masu koyo kam ba na ɓoye komai, wanda ya tambaya zan nuna masa.

Kuɗi. Ku riƙa rubutawa. Yadi, zare, kuɗin marini, kuɗin bugu, adaidaita sahu zuwa da dawowa, leda, da data. Kuɗin sufuri da na data su ne muke mantawa, alhali tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023 kuɗin adaidaita ya zama abin lissafi, sannan a Janairun 2025 hukumar sadarwa ta amince wa kamfanonin waya su ƙara har kashi 50 cikin ɗari, bidiyo kuwa data yake sha. Bayan duk wannan sai ku sa kuɗin zamanku, domin awannin da kika yi a kan tabarma kina ja da zare ba kyauta ba ne. Ba na sayen yadi sai an biya rabi. Ba na ba direba kaya a tasha sai na buɗe asusuna na ga kuɗi da idona, hoton rasit da ake turowa ko saƙon alat ba hujja ba ne, ana ƙirƙirar su. Lambobin masu saye kuma suna cikin littafi, da biro. Duk wanda yake sana'a a waya ranar 4 ga Oktoban 2021, da Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke gaba ɗaya na wajen awa shida, ko lokacin da gwamnati ta rufe Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, ya san cewa shagon nan ba namu ba ne, zaman aro muke yi a cikinsa.

Tambayar da aka fi yi mini ita ce yaushe zan bar koyarwa in rungumi rini gaba ɗaya. Na auna, mun kuma zauna da maigida mun auna tare, kuma amsar a yanzu ita ce ba zan bari ba. Albashin makarantar kuɗi ba wani abin a zo a gani ba ne, wani watan abin da na samu a rini ya fi shi. Amma wane wata? Gab da ƙaramar Sallah da babba, da lokacin bukukuwa. Bayan Sallah waya takan yi shiru kamar an ɗauke ta. Da damina shanya tana wahala, da hunturu ƙura ce ke bin jiƙaƙƙen yadi. In rini ya zama shi kaɗai ne abin dogarona, ranar da aka ce guda shida kafin Asabar ba zan iya cewa a'a ba, kuma na san inda hakan zai kai ni: robar galura a tsakar gida, da ɗauri sako-sako. Albashin nan shi ne yake ba ni bakin cewa sai bayan mako uku, in ba za a iya jira ba Allah ya haɗa kowa da rabonsa. Wadda ba ta da wani aikin, ko wadda take da masu taya ta ɗauri a gida, lissafinta daban ne, ba na ce kowa ya bi nawa ba.

Abin da ya fi ba ni tsoro ma ba kuɗin ba ne. Akwai lokacin da na lura cewa tsakanin la'asar da magariba, wanda shi ne kaɗai lokacin da nake da shi na zama da zare bayan na dawo daga makaranta, a amsa nawa ne, nawa za ki bari, yake ƙarewa, kuma mafi yawan masu tambayar ba saye za su yi ba. Mabiya suna ƙaruwa, hannu yana tsaye wuri ɗaya. Saboda haka na sa farashi a ƙarƙashin kowane hoto, kowa ya gani ya yanke wa kansa. Saƙo kuma bayan isha'i nake amsawa, in yara sun kwanta. Ranar Juma'a ba na buɗe shafin sam, ranar gidan Gwaggo ce da ziyarar dangi. An ce manhajar tana rage nuna wanda ba ya ɗora abu kullum, kuma na ga alamar haka, masu kallo sun ragu. Odar da nake karɓa yanzu ba ta wuce abin da hannu biyu za su ɗaure a wata ba, in ta cika sai in rubuta cewa an rufe sai wata mai zuwa.

Abin da ke gabana yanzu shi ne ɗaurin allura, wanda ake bin zane da ɗinki sannan a ja zaren ya tattare yadin. Layi miƙaƙƙe yana fitowa, amma in na zo lanƙwasa sai tattarar ta taru gefe ɗaya, shuɗi ya shige ta ɗaya gefen. Gwaggo ta ce in rage tazarar ɗinkin a wurin lanƙwasar, in kuma ninka zaren biyu don kada ya tsinke wajen ja. Ina gwadawa a kan ragowar ƙyallaye kafin in taɓa yadin kirki. Zubin da na ɗaure a makon nan zai tafi marina ranar Asabar in Allah ya kai mu, a ciki akwai mayafi biyu da na yi wa wannan ɗinkin a baki. In akwai wadda ta riga ni ƙwarewa a lanƙwasa, ta taimaka ta faɗa mini irin zaren da take amfani da shi da inda take samunsa a Kurmi ko Kwari, don na ɗinkin keke da nake ninkawa yana yanka mini yadi in na ja da ƙarfi.