Gyaran tsofaffin hotuna da kwamfuta, da batun billen kaka

Da yawa daga cikin hotuna masu launi da aka wanke a Garwa da Marwa, a arewacin Kamaru, a shekarun 1970 da 1980 yau sun koma jaja-jaja, kuma ba ƙurar hunturu ce ta jawo hakan ba. Takardar irin wannan hoto tana ɗauke da rini kala uku, shuɗin cikinsu kuwa shi ne yake fara koɗewa, musamman a garin da zafi yake haura digiri 40 a watan Afrilu. Da zarar ya ja baya, sai ja ya mamaye fuska da riga da bango.

Wannan matsalar tana da sauƙin gyara, muddin an kwafi hoton yadda ya kamata. Ni nakan ɗora shi a kan sikana, in ɗauka da ɗigo 600 a kowane inci, sannan in adana shi a tsarin ajiye hoto na TIFF, wanda ba ya rage inganci, domin tsarin JPEG da aka fi sabawa da shi yana zubar da wani abu duk lokacin da aka gyara aka sake adanawa. A manhajar GIMP, wadda kyauta ce, ana daidaita ja da kore da shuɗi ɗaya bayan ɗaya har farar hula ta koma fara. Hoton da laimar damina ta manne da gilashi kuwa, kada a ɓamɓare shi. A kwafe shi tare da gilashin.

Inda nake da ja shi ne manhajojin waya masu ƙirƙirarriyar basira. Ba dawo da fuskar da ta dusashe suke yi ba, zana wata suke yi bisa ga fuskokin da aka horar da su a kai. Na ga hoton wata dattijuwa da aka gyara ta wannan hanya: fatar ta yi sumul, idanun sun yi haske, amma billen da ke kumatunta ya ɓace, domin manhajar ta ɗauke shi a matsayin karce. Jikokinta sun ce hoton ya yi kyau, 'yarta kuwa ta ce wannan ba Inna ba ce.

Saboda haka nake cike gurbin da gara ta ci da hannu, in kwafo daga gefensa, amma idan ɓarnar ta faɗa a kan ido ko baki nakan bar ta. Kwafin farko kuma ina ajiye shi daban ba tare da na taɓa shi ba. Idan za a aika wa 'yan uwa a Injamena ta WhatsApp, a tura shi a matsayin fayil, domin in an tura shi a matsayin hoto, manhajar tana matse shi.