Wai yanzu ni baƙo ne a Birnin Kebbi

Ɗinki ne ya kawo ni Birnin Kebbi daga Dogondutsi, kuma sai da sojoji suka kifar da shugaban Nijar Bazoum ranar 26 ga Yulin 2023 na san wai a ƙasar waje nake zaune. Da can wa ke tambayarka? Ka shigo ta Bachaka, ka tsaya Kangiwa ka sha fura gidan gwaggonka, duk Arawa ne. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba mu kwana 90 ba tare da biza ba, amma ban san wanda ya taɓa zama yana ƙirga su ba.

Kwatsam shugabannin ECOWAS suka zauna a Abuja suka ce a rufe iyaka, a riƙe kuɗin gwamnatin Nijar, Najeriya kuma ta datse wuta. Layin da ke kai wutar Yamai ta garin nan ya ratsa, ina ganin turakunsa in na fita bayan gari. Yayata a Doso ƙanƙara da zoɓo take sayarwa, da su take ciyar da marayu. Firjinta ya koma wurin ajiye kwanoni. Ba ta san Tiani da ya karɓe mulki ba, ba ta san Tinubu ba.

Abin da ya tsaya mini a wuya dai a teburin mai shayi ya faru, bayan Nijar da Mali da Burkina Faso sun kammala ficewa daga ECOWAS a Janairun 2025. Wani Alhaji da nake yi wa ɗinkin sallah, shi da 'ya'yansa, ya dube ni ya ce, "Tela, tunda kun fita, yaushe za ka naɗe kekenka ka bi su?" Aka kwashe da dariya. Raina ya ɓaci, na ce ranka ya daɗe, mu dai mun sallami sojojin Faransa tun Disambar 2023, ba mai sake zama a wani birni ya yanke mana hukunci. Har ga Allah na ji daɗin faɗin haka, har yanzu ma ina ji.

Sai ya ce in ciro sefa in ina da ita. Akwai jaka biyar a aljihuna da zan aika wa Inna. Ya karɓa, ya ɗaga ta saitin fitila, ya ce, "To wannan fa, a Yamai ake juya ta?" Babban bankin yana Dakar, kuɗin a ɗaure yake da yuro, kuma Nijar ba ta fita daga ƙungiyar ƙasashen da ke amfani da kuɗin ba. Na yi ta juya cokali cikin kofi har shayin ya huce. Ban koma teburin ba, gida nake dafa abina.

An ce ECOWAS za ta ci gaba da karɓar takardunmu har sai yadda hali ya yi. Inna ba ta yarda da wannan "har sai" ɗin ba. Duk waya sai ta ce in kawo mata jikanta da aka haifa a nan ta gan shi, kar a sake rufewa kamar wancan karon da aka ɗaura auren autarmu ina jin guɗa ta waya. Matata 'yar Argungu ce, ta ce sai an yaye shi. Na ce wa Inna bayan girbi, ta ce bara ma haka na ce.