Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Bargo a Tsakiyar Bazara

Makon jiya na tsaya a daren da na haifi auta, lokacin da jini ya ɓalle mini har aka ƙara mini leda 3. Allah Ya yi da sauran shan ruwa a gaba, na tashi aka mayar da ni gida Birni. Sai dai jikin da na koma da shi ba nawa ba ne.

Da farko nono ya ƙi zuwa. Inna, uwar maigidana, ta dama kunun kanwa, ta sa aka gasa mini nama da yaji, wankan jego safe da yamma ba fashi. Ko ɗigo. Jaririya ta kama ta tsotsa, ta saki ta tsala kuka, ni ma in bi ta da nawa. Da madarar gwangwani ta tashi.

Aka yi arba'in, aka zagayo shekara, al'ada ba ta dawo ba. Gashin hammatana ya zube. A watan Afrilu, lokacin da duk Damagaram ke kwana tsakar gida saboda zafi, ni ina ɗaki ƙudundune cikin bargo. In na tsuguna gindin murhu, da na miƙe sai duhu ya rufe mini ido. Inna ta ce, "Ke dai son jiki ne. Mu da muka haifi goma ba mu kwanta ba." Maƙwabta suka ce iska ce. Na sha rubutu, na sha hayaƙi, shekara 3 cur. Maganar son jikin nan ta fi ciwon cin raina, har yau in na tuna sai ƙirjina ya yi nauyi.

Ranar da na yanke jiki na faɗi a Kasuwar Dole, Yayana ne ya kai ni likita. Mutumin bai fara da allura ba, tambaya ya yi: "Malama, da kika haihu kin zubar da jini da yawa? Nono ya zo?" Na fashe da kuka, don ba wanda ya taɓa haɗa mini waɗannan biyun.

Bayan awon jini ya zaunar da mu. Ya ce a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa akwai wata 'yar tsoka da ba ta wuce ƙwayar wake ba, da Faransanci ana ce mata ipofiz. Kamar fada take. Daga nan ake aika manzanni ta cikin jini, su ne hormon. Ɗaya ya je wuya wurin tiroyid, mai hura wutar jiki. Ɗaya ya je kan ƙoda ya sa a fitar da kortizol, mai riƙe ƙarfin bugun jini da sukari. Wasu su je wurin ƙwan mace don al'ada, prolaktin kuma ya kawo ruwan nono. Lokacin goyon ciki tsokar nan takan kumbura, tana buƙatar jini fiye da da. In mace ta zubar da jini sosai wurin haihuwa, sai ya kasa isa gare ta, wani sashe nata ya mutu. Hakimai suna nan lafiya lau, saƙo ne ya daina zuwa daga fada. Ya ce wani likita mai suna Sheehan ne ya bayyana ciwon a 1937, da sunansa ake kiran shi.

Ya fara ba ni idrokortizon, maganin da ke maye gurbin kortizol, sai daga baya ya ƙara levotiroksin, mai maye gurbin hormon na tiroyid, ya ce in aka juya tsarin akwai haɗari. Na biyun da asuba nake sha da ruwa zalla, in jira minti 30 kafin koko. Na farkon kuwa ya ja mini kunne: ba a yanke shi ko kwana ɗaya, in zazzaɓi ya kama ni a ƙara, in amai ya hana shi zama in garzayo.

Cikin mako 6 na ninke bargon nan na sa a akwati. Wata safiya Inna ta fito alwala ta tarar na share tsakar gida har na ɗora tukunya. Ta daɗe tsaye da buta a hannu, sannan ta ce, "Sannu, 'yata. Ashe da gaske ne."

Da daddare maigida ya tambaye ni abin da likita ya ce game da sake haihuwa. Amsar da na ba shi, da abin da ya biyo baya, sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.