Sai matashi ya yarda da nas kafin ya ɗauki abin da ake koya masa

A sashen masu taɓin hankali ana iya ba majinyaci maganinsa a kan kari, a auna jininsa, a cike katinsa tsaf, amma har a sallame shi ba wanda ya san abin da ke cin ransa. Idan matashi ne abin ya fi tsanani, domin ba kasafai yake kawo kansa asibiti ba. Kawo shi ake yi, wani lokacin ma da ƙarfin tsiya. Abin da aikin jinya ya koya mana, bincike kuma ya ƙarfafa, shi ne alaƙar nas da majinyaci aiki ce mai matakai, ana koyonta, ana auna ta, ana kuma iya ɓata ta cikin minti biyar na farko.

Hildegard Peplau, wata nas 'yar Amurka, ita ce ta fara tsara wannan a rubuce a 1952. Ta raba alaƙar zuwa zango huɗu: sanin juna, sai lokacin da majinyaci ya gane wa zai dogara da shi, sai lokacin da yake cin moriyar taimakon, sai rabuwa. Amma abin da ya fi amfanar ɗalibi a cikin gadonta shi ne rubuta hira. Da zarar an tashi daga zama da majinyaci, ɗalibi ya ja layi uku a takarda: abin da majinyaci ya ce, abin da shi ya amsa, da abin da ya ji a ransa a daidai lokacin. Idan malami ya zauna da shi a kan takardar, kurakurai iri ɗaya ne suke fitowa. Majinyaci ya fara hawaye, nas ya yi maza ya koma tambayar barci da abinci. Ko a jera masa "me ya sa" sau biyar kamar a ofishin 'yan sanda. Ko kuma a rufe masa baki da "kada ka damu, ba komai", alhali da komai. Wannan na ƙarshen ya fi yawa a wurinmu saboda yana kama da lallashi, amma saƙon da yaro yake ɗauka shi ne ba a son jin sauran maganar.

A 1979 Edward Bordin, wani masanin halayyar ɗan Adam, ya ce alaƙar da ke warkarwa tana tsaye a kan abu uku: an yarda a kan inda aka dosa, an yarda a kan abin da kowa zai yi, kuma akwai amana. Da matasa na farkon ne ke yawan rushewa. Uba yana son yaro ya daina faɗa a gida, likita yana son muryoyin da yake ji su ragu, shi kuwa yaron burinsa ya koma makaranta kafin jarrabawar WAEC ba tare da an sa masa suna ba. Idan nas bai tambayi wannan burin ya rubuta shi a saman tsarin jinya ba, sauran duk na manya ne. Bincike ya kuma nuna cewa makin da majinyaci ya ba alaƙar ya fi hasashen sauƙi fiye da makin da ma'aikaci ya ba kansa. Wani binciken na Hawley da Weisz a 2005 ya ƙara wani abu mai muhimmanci: kyakkyawar alaƙa da iyaye ita ke sa a ci gaba da kawo yaro, kyakkyawar alaƙa da yaron ita ke tafiya da raguwar ciwon. Wato alaƙa biyu ake riƙewa a lokaci guda, ba a sayar da ɗaya don a sayi ɗayar.

Shi ya sa zaman farko yake da tsari. A fara da kowa a ɗaki, a gaisa da babba yadda ya dace, sannan a kira yaron da sunansa a gaishe shi shi ma. A bar iyaye su faɗi nasu kamar minti goma. Daga nan a nemi izini a fili: "Hajiya, al'adar aikinmu ce mu ɗan zauna da kowane matashi shi kaɗai, in mun gama za mu kira ki." Idan an ce al'adar aiki ce, uwa ba ta jin an zarge ta. Yarinya a haɗa ta da nas mace in akwai, in babu a sa ma'aikaciya ta zauna a gefe. A ja kujera daga bayan tebur, a zauna a ɗan karkace, kada a tilasta haɗa ido. Ana cewa labarin zuciya a tambayi fuska, amma yaron da aka tarbiyyantar da sunkuyar da kai gaban babba fuskarsa ba za ta ba ka labari ba, kuma an sha rubuta wa irinsa "ba ya ba da haɗin kai" a kati alhali ladabi yake yi.

Kafin tambaya ta farko a yi maganar sirri, da iyakarsa. "Ƙanena, abin da ka faɗa mini tsakaninmu ne da masu duba ka. Sai dai in na ga ranka ko na wani yana cikin haɗari, ko ana cutar da kai. Ko a nan ma kai zan fara gaya wa kafin kowa." Binciken da Carol Ford da abokan aikinta suka buga a 1997 a kan ɗaliban sakandare a Kalifoniya ya nuna cewa tabbacin sirri yana ƙara yardar matasa su faɗi abubuwa masu nauyi, su kuma dawo. Kuskuren da ke kashe amana har abada shi ne alkawarin sirri marar iyaka, sannan a karya shi ranar da yaro ya ce ya tara ƙwayoyi.

Jerin tambayoyin da aka fi amfani da shi, wanda ake kira HEADSS, hikimarsa tana cikin jerantawar: gida, makaranta, abokai da abin da yake yi da lokacinsa, shaye-shaye, sha'anin jiki da soyayya, sannan tunanin kashe kai. Daga mai sauƙi ake hawa zuwa mai nauyi. A wurin shaye-shaye a fara da abokai, a kuma ambaci abubuwan da sunansu, tiramol, kodin, sholisho, wiwi, domin yaro ya san ba za ka firgita ba. Tambayar ƙarshe ita ce ma'aikata suka fi tsallakewa, da tsoron kada su dasa wa yaro tunanin. Madelyn Gould ta gwada wannan a 2005 da ɗalibai sama da 2,000 a jihar New York, tambayar ba ta ƙara wa kowa damuwa ko tunanin ba. A yi ta kai tsaye. In ya ce e, a tambayi shiri, da abin da ya tanada, da ko ya taɓa gwadawa, kada a bar shi shi kaɗai, kuma a sa iyaye su kulle magunguna da fiya-fiya da maganin ɓera kafin ya koma gida.

Wurin da koyarwa da amana suka fi haɗuwa shi ne bayanin magani. Haloperidol, wani maganin taɓin hankali, yana iya jawo ɗaurewar jijiya a kwanakin farko, musamman ga samari: wuya ya karkace, idanu su kafe sama, harshe ya yi nauyi. Iyalin da ba a gaya musu ba za su ce aljanu ne suka tashi, ko asibiti ya ƙara masa ciwo, daga nan ba za a sake ganinsu ba. Wanda aka gaya wa tun ranar farko cewa hakan na iya faruwa, kuma akwai maganin da ke kwance shi, da gudu zai dawo. Olanzapine yana sa ƙiba, saboda haka a auna nauyi tun farko a faɗa wa yarinya gaskiya, don kada ta daina sha a ɓoye. Fluoxetine, maganin ciwon damuwa, yakan ɗauki makonni kafin a ga aikinsa, kuma makonnin farko ne ake ƙara sa ido a kan tunanin kashe kai. Kada a wuce abu uku a zama ɗaya. A ƙarshe kada a ce "ka gane?", domin ba yaron da zai ce wa babba bai gane ba. A ce, "In Baba ya tambaye ka me nas ta ce, me za ka gaya masa?" Batun ruƙiyya da rubutun sha kuwa, jayayya da iyali a kai asara ce. A nemi abu biyu kawai: kada a dakatar da magani, kada a yi duka ko ɗauri.

A cikin ɗakin kwanciya ma an gwada ko ƙananan halaye suna da tasiri. Len Bowers da tawagarsa a Landan sun gwada tsarin Safewards a ɗakuna 31 na asibitoci 15 a Ingila, aka buga sakamakon a 2015. Matakai goma ne marasa tsada, irin su faɗin abu mai kyau guda game da kowane majinyaci lokacin miƙa aiki, da shirya yadda za a isar da mummunan labari, da tausasa harshe wajen hana abu. Rikici ya ragu da kashi 15 cikin 100, matakan tilas irin su danne majinyaci da killace shi suka ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Na miƙa aikin nan ya cancanci a tsaya a kansa. Idan nas ɗin safe ta ce wa ta dare "gado na shida fitinanne ne", ta riga ta ɓata alaƙar da ba a fara ba.

Sai makaranta, inda ake yawan gayyatar nas ta yi lacca. Dalilin zuwa a bayyane yake: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin bakwai na 'yan shekara 10 zuwa 19 yana da wata larurar ƙwaƙwalwa, kuma kusan rabin waɗannan larurori suna somawa kafin a wuce shekara 14. Amma ba kowace koyarwa ke aiki ba. A Birtaniya an gwada darussan natsuwa a makarantu sama da 80 da ɗalibai fiye da 8,000, sakamakon 2022 ya nuna ba su fi darasin da aka saba ba, akasarin yaran ma ba su yi atisayen a gida ba. Shirin YAM kuwa, na wayar da kan matasa a kan lafiyar ƙwaƙwalwa, da aka gwada a wani bincike da ya haɗa makarantu 168 na ƙasashen Turai 10, awa biyar ne kacal cikin mako huɗu, uku daga ciki wasan kwaikwayo ne da yaran suke yi da kansu a kan matsalolinsu. Bayan shekara guda yunƙurin kashe kai ya ragu da kusan rabi.

Wanda ya fi kama da yanayinmu shi ne gwajin SEHER a jihar Bihar ta Indiya, da aka buga a 2018. Shiri ɗaya ne, amma a wasu makarantu malamin makarantar ne ya gudanar, a wasu kuma mai ba da shawara da aka horar, wanda ba shi da wani aiki sai wannan. Inda mai ba da shawara ya riƙe, yanayin makaranta ya gyaru, damuwa da cin zali suka ragu. Inda malami ya riƙe ba a ga canji ba. Ba a buƙatar dogon nazari kafin a ga cewa yaro zai yi wuyar buɗe cikinsa ga mai ba shi maki da horo, kuma malamin da ke da aji cike ba shi da lokacin. Don haka nas ɗin da za ta je makaranta ta ƙi taron filin asambili. Ta nemi rukuni na 20 zuwa 25, maza daban mata daban a wurin batutuwan kunya, akwatin tambayoyi ba suna, ziyara huɗu maimakon ɗaya, fuska ɗaya kowane zuwa. Kada ta raba takardar tantance damuwa sai ta san inda za ta tura wanda makinsa ya hau, da sunan wanda zai karɓe shi. Kada kuma a bayyana hanyoyin kashe kai a gaban aji.

Zangon rabuwa na Peplau shi ne aka fi wasa da shi. Ana sauya wa nas sashe, ko ɗalibi ya gama zagayensa, yaro ya wayi gari kawai ya ga baƙuwar fuska. A sanar da shi aƙalla mako guda kafin nan, a gabatar da mai karɓa ido da ido. Makonnin farko bayan sallama su ne mafi haɗarin kashe kai, shi ya sa a Ingila aka mayar da wa'adin bibiyar majinyaci zuwa cikin awa 72 da sallamarsa. Ko inda ba a iya kai ziyara gida, ana iya karɓar lamba biyu, ta mahaifi da ta yaron in yana da waya, a rubuta masa ranar dawowa da hannu a katinsa, kuma nas ɗin da ya saba da ita ta kira a rana ta uku.