Godiya ga Waɗanda Suka Taimaka Muka Karrama Baffa da Ƙaramar Tankar Yaƙi

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan godiya ga Allah Maɗaukakin Sarki da Ya ara mana rai da lafiya, na ga ya wajaba in fito fili in gode wa mutanen da suka tsaya mini har na kammala ƙaramar tankar yaƙin roba da na shafe wata biyar ina haɗawa domin karrama Baffana, yayan mahaifina, wanda ya yi aikin soja a rundunar motoci masu sulke har ya yi ritaya. Mun miƙa masa ita ranar 15 ga Janairu, ranar tunawa da 'yan mazan jiya, a zauren gidansa da ke Bauchi bayan sallar la'asar. Yawancin waɗanda zan gode wa sun roƙe ni kada in kama sunansu, saboda haka zan ambaci kowa da aikin da ya yi.

Tankar da na haɗa samfurinta ita ce Scorpion, wato kunama, ƙirar kamfanin Alvis na Ingila, wadda sojojin Birtaniya suka fara aiki da ita a 1973, daga baya sojojin Nijeriya ma suka samu. Nauyin ainihin tankar kusan tan takwas ne kacal domin da alminiyam aka ƙera jikinta, tana ɗaukar mutum uku, direba da kwamanda da maharbi, igwarta mai bakin milimita 76 ce, injinta kuwa na Jaguar ne mai shan fetur. Ita Baffa ya tuƙa tun yana ƙaramin soja. Yana cikin dakarun kiyaye zaman lafiya na ƙasashen Afirka ta Yamma, wato ECOMOG, da aka tura Laberiya, rundunar da ta fara sauka a tashar jiragen ruwa ta Monrobiya a watan Agustan 1990, kuma tun da ya dawo bai taɓa zama ya ba mu labarin can ba. Abin da muka tashi muka gani shi ne hoto guda a bangon ɗakinsa, wanda rana da shekaru suka koɗar, yana tsaye a gefen motarsa da hula a hannu.

Godiyata ta farko ga abokina da ke karatu a Malesiya, wanda ya nemo mini kwalin kayan haɗin, ya kuma rage tsarabar iyalinsa don ya sama masa wuri a jaka. Ma'aunin samfurin kashi ɗaya ne cikin 35 na ainihin tankar, don haka tsawonta bai wuce tafin hannun babban mutum ba, wasu sassan robar kuma ba su kai ƙwayar shinkafa ba.

Wanda ya fi kowa ɗaukar nauyin wannan aiki shi ne Baba Saje, tsohon abokin aikin Baffa, wanda ya riƙe mini sirri duk tsawon watannin nan alhali kusan kullum tare suke zaman hira. Sau huɗu yana hawa babur ya zo gidana duk da ciwon gwiwar da ke damunsa. A zuwansa na biyu ya ɗauki tankar ya kai ta dab da idonsa, ya ƙirga ƙafafun biyar-biyar a kowane gefe, ya ga mai haƙoran tana gaba inda injin yake, ya gyaɗa kai, sannan ya ce, "Ɗana, sarƙar hagun nan ka juya ta baya. Baffanka ba zai ce maka komai ba, amma zai gani." Kwana uku na yi ina ɓamɓare ta a hankali. Ba don shi ba da na kai wa tsohon direba motar da ya san ba haka take ba, kuma a ganina wannan ya fi rashin kyautar muni.

Ina gode wa mai ɗakina, wadda ta ceci aikin a watan Disamba. Na yi fentin farko cikin hunturu, kafin ya bushe ƙurar hazo ta kwanta a kai har jikin ya koma kamar samfefa, dole na wanke shi gaba ɗaya. Ita ce ta kawo dabarar yayyafa ruwa a ƙasan ɗaki kafin a fara, sannan a kife aikin da babbar robar wankinta har ya bushe, ta kuma hana yara shiga ɗakin na mako biyu. Haka nan ina gode wa mai fentin motocin unguwarmu da ya ara mini ƙaramar bindigar feshinsa ya koya mini tsinka fenti, da kafintan da ya yi katakon ƙasa, da mai gilashin da ya yanka mini murfi ya ƙi karɓar ko sisi da ya ji wanda za a kai wa.

Tamburan da suka zo a kwalin na sojan Birtaniya ne, saboda haka na je wurin wani dattijo mai zanen bayan manyan motoci. Ya aske burushinsa har ya rage 'yan silin gashi, ya riƙe numfashi, ya zana tutar Nijeriya kore da fari da kore a gaban tankar, sannan ya kwafo lambar motar daga hoton bangon, wanda 'yar Baffa ta ɗauko mini a waya ba tare da saninsa ba. Ita ma ina gode mata.

Da aka yaye ƙyallen, Baffa bai ce uffan ba. Ya aika a ɗauko masa tabarau, ya sa aka cire gilashin, ya ɗora ɗan ƙaramin yatsansa a kan murfin direba da ke gaba ta hagu, ya ce, "Nan nake zama. Injin yana damana, zafinsa har cikin ƙashi." Daga nan ya nuna wurin kwamanda da na maharbi, ya kira sunan kowannensu, ya gaya mana cewa maharbin nasa mutumin Binuwai ne, tare suka yi horo, kuma bai dawo daga Laberiya ba, domin ya rasu a faɗan da aka yi lokacin da mayaƙan madugun 'yan tawaye Charles Taylor suka auka wa Monrobiya a watan Oktoban 1992. Ya yi ta magana har aka kira magariba, 'ya'yansa da jikokinsa suna zaune babu mai motsi, Baba Saje kuma yana share ido da bakin rawaninsa.

Ga 'yan uwa da maƙwabta da tsofaffin sojojin da suka cika zauren, da matan gida da suka yi girki tun safe, Allah Ya saka wa kowa da alheri, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya ƙara wa Baffa lafiya. Kafin in tafi a daren ya kira ni ɗaki ya roƙe ni abu ɗaya, cewa in buɗe masa murfin direban, domin shi a buɗe ya saba tuƙi in ba ana harbi ba. Na riga na manne shi da gam, don haka ranar Asabar mai zuwa, in sha Allahu, zan koma da reza da ɗan ƙaramin zarto, Baba Saje kuma ya ce zai zo ya nuna mini ta inda murfin yake juyawa.