Ɗinki shida a ƙafar auta

Jiya aka cire wa autana zaren ɗinki, kwana 12 ke nan da tsohon kwanon rufi ya tsage masa ƙafa wajen ƙwallo. Ranar, maƙwabciyata ta ce a zuba toka jini ya tsaya. Na ƙi, na danne wurin da tsumma mai tsabta, muka hau a-daidaita-sahu sai asibiti.

Malamar jinya ta wanke ciwon tas, ta yi allurar kashe zafi a bakinsa, sannan ta ɗinka da wata lanƙwasasshiyar allura, ƙulli shida. Yana riƙe da hannuna yana cewa, "Umma, ba zafi fa." Ni kuwa hawaye kawai nake. Aka ƙara masa allurar tetanos saboda tsatsa da ƙasar da ta shiga ciwon.

Yau da kansa ya sa takalmi ya tafi Islamiyya. Alhamdulillah.