Yini guda a ƙauyen masu rogo, Gunungkidul

Alhamis, 21 ga Satumba 2023

Ƙarfe huɗu da 'yan mintuna aka buga gangar masallaci, bayanta ladan ya kira assalatu. A tsibirin Java na Indonesiya alfijir da wuri yake ketowa, magariba ma kafin shida ta faɗa. Masallacin unguwar ɗan ƙarami ne, sahu ɗaya muka yi, kuma in ka cire ni da abokina duk masu furfura ne. 'Yan Shafi'iyya ne, don haka liman ya bayyana bisimilla, ya yi alƙunutu bayan ruku'u da murya a sama, jama'a sun ɗaga hannu suna amin. Da aka sallame kowa ya zo ya yi musafaha da ni, ya kai hannunsa ƙirji.

Abokina da muke karatu tare a Yogyakarta ne ya kawo ni a kan babur, don lokacin tonon rogo ne kuma gidansu ba hannu. Ƙauyen yana kudu da Wonosari, babban garin yankin Gunungkidul, ta wajen teku. Wanda ya san Indonesiya a hoto zai zaci ko'ina fadamar shinkafa ce kore shar. Nan dai tuddai ne na farin dutse birjik, jar ƙasa 'yar kaɗan a tsakaninsu, itatuwan jati da ake katako da su duk sun kakkaɓe ganye. Rabonsu da ruwan sama na kirki tun wajen watan Mayu, kuma bana da El Nino, sauyin yanayin da ke kawo musu fari, kowa na cewa damina za ta yi jinkiri.

Da muka dawo na zauna a madafa wurin kakar abokina, wadda kowa ke kira Mbah. Murhun itace take amfani da shi, 'yar tukunyar gas mai launin kore tana gefe, sai in ana sauri ake kunna ta. Tiwul take yi. Ta zuba garin busasshen rogo a kan faifai, ta yayyafa ruwa da 'yan yatsu, ta dinga murzawa da tafin hannu tana kewayawa har garin ya zama tsaki-tsaki, sannan ta juye a wani kwandon gora mai tsinin gindi ta ɗora bisa tukunya. Kamar dai yadda ake turara dambu. Muka ci da miyar koren barkono da madarar kwakwa, da gutsattsarin tempe na waken suya a ciki, ga shayi mai kauri da zaƙi. Mbah tana magana da Javanci, jikanta na fassara mini. Ta ce tana yarinya, a farkon shekarun 1960, ɓeraye suka cinye gonaki aka yi yunwa, har dussar rogo mutane suka ci. Yanzu shinkafa ake ci kullum, amma ta ce in ta yini ba ta ci tiwul ba cikinta ba ya yarda an ci abinci.

Kafin bakwai muna gona. Gonar hawa-hawa ce a jikin tudu, kowane hawa an tokare shi da katangar duwatsun da aka tsince daga cikinta, aikin kakanni. Da damina shinkafar tudu suke shukawa, a tsakiyarta masara da gyaɗa, rogo a jere a gefe. Sauran duk an girbe tuntuni, rogon ne ke daɗewa har rani. Maƙwabta shida suka zo gayya, ba a biyan kowa, abinci da shayi da taba kawai, gobe kuma a tafi gonar wani. Ƙasar ta bushe ta yi tauri, sai an sa ƙarfe an ɓanɓare kafin a ja, in ba haka ba saiwar ta karye a ciki. Mata na zaune a inuwa suna feraye, suna tsaga rogon biyu, suna shanyawa a kan duwatsu. Kwana uku zuwa biyar yake yi a rana ya zama abin da suke kira gaplek, wanda ake adanawa ko a sayar wa dillalai. Mahaifiyar abokina ta ce sai ta sayar da kilo huɗu ko fiye kafin ta sayi kilo ɗaya na shinkafa, ga shi shinkafar bana ta yi tsada. A gefen gonar an tone wasu gindaye an bar su a yashe. Birai ne. Abinci ya ƙare musu a daji, sun sauko.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne shekarun masu aikin. Mafi ƙanƙanta a cikin mazan ya haura hamsin. 'Ya'yansu suna Jakarta da Yogyakarta, wasu a gini, wasu a masana'anta, wasu na sayar da taliya a bakin titi, sai ƙaramar salla suke dawowa gari ya cika. Wani dattijo, yana kirana Mas kamar yadda suke kiran saurayi, ya ce mini, "Mas, ƙasar nan tana ciyar da mutum, amma ba ta biyan kuɗin makaranta." Ban ga laifin waɗanda suka tafi ba. Kuɗin da suke aikowa ne ya sa yawancin gidaje suka zama na bulo.

Wajen azahar motar tanki ta iso, ita ake jira tun shekaranjiya. Kowane gida a nan yana da tankin siminti da indararo ke zuba masa ruwan sama, na gidanmu ya ƙafe tun watan jiya. Tafkin ƙauyen ma ƙasansa ya tsattsage. Direba ya ja tiyo ya juye lita 5,000, Mbah na tsaye a kai ba ta ɗauke ido ba har ɗigon ƙarshe, sannan ta kwance bakin zanenta ta ƙirga masa kuɗi. Ruwan nan da lissafi ake shan sa. A cikin baho ake alwala, abin da ya taru a ba barkonon bayan gida. Na wankin shinkafa na saniya ne.

Abin takaicin, ruwa yana nan a ƙarƙashin ƙafafunsu. Irin dutsen yankin mai ramuka ne, duk abin da aka yi na sama sai ya zurare ta cikinsu ya zama koguna a ƙarƙashin ƙasa, suna tafiya a cikin duhu har su faɗa teku. A Bribin, cikin gundumar Semanu, injiniyoyin Indonesiya da na jami'ar Karlsruhe ta Jamus sun yi madatsa a cikin kogo mai zurfin kusan mita 100, aka tsara ta yadda ƙarfin ruwan da kansa zai tura shi sama. Wasu ƙauyuka sun samu famfo. Unguwarmu tana kan tudu, bututu ya zo amma ba kullum yake kawowa ba. Hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa waɗannan tuddai na Gunung Sewu cikin jerin wuraren da ke da yanayin ƙasa na musamman a 2015, masu yawon buɗe ido na tururuwa zuwa koguna da bakin teku, an yi titi mai kyau. Ina ganin ƙasar da ta iya wannan ba za ta kasa kai wa tsohuwa ruwa bakin ƙofarta ba.

Da la'asar yaran maƙwabta suka dawo da fara a soke a tsinke, da doguwar gora mai danƙo a baki suke kamo ta daga kan itatuwa. Aka soya da tafarnuwa da gishiri. Sun yi mamaki da suka ga na ɗiba ba gardama, na ce musu a Kano da Maraɗi har da yaji muke ci, aka yi ta murna ana ƙara mini.

Bayan isha'i aka taru a gidan wani maƙwabci karatun Yasin na daren Juma'a. Da aka shafa fatiha mai unguwa, wanda suke kira Pak Dukuh (Pak kamar a ce Baba ne), ya buɗe littafi ya karanto abin da ke asusu. Kowane dare masu sintiri na bin gida-gida suna kwashe 'yan sulallan da ake ajiyewa a gwangwani a bakin ƙofa, da su ake tara wannan kuɗi. Aka yi ta shawara a hankali, ba mai katse wani, har aka tsayar cewa za a saya wa gidaje biyu na tsofaffin da ba su da mai aiko musu tanki guda su raba. Na nemi in sa nawa, suka karɓa aka rubuta a littafi kamar na kowa.

A hanyar gida mahaifin abokina ya ce ciyawa ta ƙare, karan masarar da ake kawowa a mota daga wasu yankuna kuma sai da kuɗi. Saniyar ita ce ajiyar gidan, ba a taɓa ta sai aure ko asibiti, don haka akuya ɗaya za ta tafi domin a ciyar da ita. Kasuwannin nan kwana biyar-biyar suke ci, ta dabbobi ta kusa. Ya tambaye ni ko na iya riƙe akuya a bayan babur, na ce na iya, Pak.